Yanda za ku karrama tsohon mamban kulob ɗinku na wasannin ruwa

Duk kulob ɗin ninƙaya ko na tseren kwale-kwale da ya kwana biyu ba ya rasa irin mutumin nan, wanda ya ciyo wa kulob kofuna da ƙuruciyarsa, da ƙarfi ya fara raguwa kuma bai tafi ba, ya koma koyar da yara iyo, riƙe agogo ranar gasa, gyaran jirage, duk dai aikin da ba a biyan kowa ko sisi. In kun yanke shawarar karrama shi to ku yi abun da kyau, kar ya zama an kira sunansa a ƙarshen mitin an miƙa masa satifiket an tafa kowa ya watse.

Ku fara da tattaro tarihinsa, nan ne ainihin wahalar take. A sa mutum biyu ko uku su bi tsofaffin takardun kulob, sakamakon gasa, hotuna, su kuma zauna da waɗanda suka yi zamani tare. Ku tabbatar da shekarar da ya shigo. Wajen rubuta lokutan da ya yi a gasa fa a kula, a ninƙaya daban ake lissafin tafkin mita 50 da na mita 25, saboda a ƙaramin ana yawan juyowa a tura bango da ƙafa, lokaci sai ya fi sauri, in kuka cakuɗa su masu wasan da ke zaune a wajen nan take za su gane. Haka in ya yi gasa a 2008 ko 2009, lokacin rigunan roban nan ne masu ƙara wa mai iyo sauri da hukumar ninƙaya ta duniya FINA (yanzu World Aquatics) ta hana daga 2010, to ku faɗi shekarar kawai ba sai an yi ta kwatanta shi da yaran yanzu ba. In kuma har yanzu yana shiga gasar ninƙaya ta masu shekaru, wacce ake farawa daga shekara 25 ana raba mutane rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, ku haɗa da ita, mutane na yawan mantawa da wannan.

Sai ɓangaren hidima, wanda ni a ganina ya fi kofunan nauyi, kuma shi ne ba a rubutawa a ko'ina. Ku tambayi mambobi a guruf: wa ya koya maka iyo? Wa ke zuwa da sassafe ya buɗe wajen? Shekara nawa ya yi a kwamiti? In ya taɓa ceto wani daga nutsewa a nemi izinin wanda aka ceta kafin a ambata.

Me za a ba shi? Kofi yana da su tuli a gida. Abun da ya fi shi ne a mai da shi mamba na dindindin wanda ba zai ƙara biyan kuɗin shekara ba, amma ku duba tsarin mulkin kulob tukuna, sau da yawa sai babban taron mambobi ya amince. Kulob ɗin kwale-kwale kan sa wa sabon jirgi sunan mutum a rubuta a jikinsa, masu ninƙaya kuma za su iya ware kofi da sunansa da za a dinga ba wani matashi duk shekara.

Ranar taron ku haɗa ta da gasar kulob, a bakin ruwa, don yaran da ya horar su halarta. Masu jawabi kar su wuce uku, tsohon abokin gasarsa, ɗaya daga cikin ɗalibansa, sai shugaba, kowa ya kawo labari guda takamaimai maimakon dogon yabo. A gayyaci iyalinsa, su ma ai sun yi haƙurin rashinsa duk ƙarshen mako. Batun yi masa ba-zata kam ni ban cika so ba, wasu dattawan ba sa son a tsayar da su gaban jama'a ba shiri, gara a sanar da shi ya tanadi abun da zai ce.

Kuma tun kafin ranar ku tambaye shi ko yana so ya ci gaba da aikin da yake yi, kar ya ɗauka sallamarsa ake yi. In ya ce zai ci gaba, shugaba ya faɗi hakan a jawabinsa.