Yadda ake kafa tanti da rumfa a bikin Argungu

Bikin kamun kifi da al'adun gargajiya na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, yakan ɗauki kwana huɗu, galibi tsakanin Fabrairu da Maris. Ba kifin kogin Matan Fada kaɗai ke tara jama'a ba. Akwai kabanci, wato wasannin cikin ruwa, dambe, kokawa, ga kuma makaɗa da mawaƙa da kan raba dare suna cashewa. Masaukai kan cika tun kafin a fara, har wasu baƙi su riƙa komawa Birnin Kebbi ko Sakkwato su kwana. Wanda bai son ya rasa kiɗan dare saboda doguwar hanya, tanti zai kafa.

Sai dai a irin wannan lokaci rumfa ta fi tantin muhimmanci. Tanti na barci ne kawai, kuma da hantsi ya ɗaga ba mai iya zama cikinsa. Saboda haka abu biyu za ka shirya: wurin kwana da wurin wuni.

Mataki na farko, nemi izini da wuri mai kyau. Tambayi masu shirya bikin inda aka yarda baƙi su yada zango. Idan fegin wani ne, a je a yi sallama da mai shi, ko a bi ta hannun mai unguwa: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, muna neman inda za mu raɓa na kwana uku." Da wuya a hana ka. Kada ka kusanci fadama, domin yankin na noman shinkafa ne, kuma inda ruwa ke kwance nan sauro yake. Zaɓi tudu-tudu mai tauri, nesa da hanyar babura da dabbobi. Haka kuma ka ɗan ja baya daga dandalin kiɗa, ka kauce wa saitin bakin lasifika, in ba haka ba kalangu zai kwana a kunnenka. In ka samu darbejiya, ka yi dace, amma ɗaga kai ka duba ko akwai busasshen reshe a sama.

Na biyu, kafin ka kwance ɗaurin kaya, tsaya ka karanci rana da iska. Nan ne mafi yawan mutane ke yin gaggawa. A Fabrairu rana ba ta bi ta tsakar ka sosai a Kebbi, takan ɗan karkata kudu, don haka inuwar tsakar rana arewa take faɗuwa. Zafin da ya fi gallabar mutum shi ne na bayan azahar zuwa la'asar, wanda ke shigowa ta yamma da kudu maso yamma, ya kutsa ƙarƙashin kowace rumfa. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take taso da ƙurarta. Ka ga ke nan an sa ka a tsakiya: rana ta gefe guda, ƙura ta ɗaya gefen. Mafita ita ce bayan tanti ya ba iska baya, ƙofarsa ta buɗe cikin rumfa, sannan gefen yamma na rumfar a toshe shi da asabari ko zana wadda za a iya naɗewa da safe.

Na uku, share ƙasa. Kwashe ƙaya, ƙarangiya da tsakuwa, ka shimfiɗa tsohuwar leda mai kauri ko buhunan da aka farke, sannan ka ɗora tanti. Ba ya ɗaukar lokaci.

Na huɗu, turaku. Siraran ƙarafan da ke zuwa cikin jakar tanti an yi su ne don ƙasa mai ciyawa, a rairayi kuwa iska ɗaya ke tuge su. Ka je wurin maƙeri ko mai walda ya yanka maka rodi mai tsawon kamu ɗaya, ya lanƙwasa kansa. Wajen bugawa, kada ka kafa shi a miƙe. Kwantar da kansa baya, nesa da tantin, yadda igiya za ta ja shi a gicciye. Inda yashi ya yi laushi har rodi ya ƙi kamawa, haƙa rami mai zurfin taki biyu, ɗaura igiyar a tsakiyar guntun itace, kwantar da shi a ciki, mayar da ƙasa, yayyafa ruwa kaɗan, ka tattake da dugadugi. Wannan ya fi kowane turke riƙo. Buhun da aka cika da yashi ma yana yi, kuma ranar tafiya zazzage shi kawai za ka yi.

Na biyar, rumfa. Gwafa huɗu ko shida, ko gorori masu ƙwari, sun isa. Biyun da ke gefen iska su fi gajarta, domin rufin ya gangara iskar ta bi ta kansa ta wuce maimakon ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga shi. A kan rufi, ni dai zana na fi so a kan tamfol. Zana tana numfashi, zafi na fita ta ƙofofinta, kuma a kasuwar gari za ka same ta da araha. Tamfol, musamman baƙi ko shuɗi mai duhu, tara zafi yake yi ya sauke maka shi a ka. In shi kaɗai gare ka, ɗaga shi sama sosai, kuma in mai fuska biyu ne, farin ko mai ƙyallin ya kalli rana. A kowace kusurwa, sa tsakuwa mai santsi cikin tamfol ɗin ka ɗaure igiya a wuyanta, domin ramukan da kamfani ya huda su ne ke fara yagewa. Tsakanin igiya da turke kuma a haɗa da guntun robar tayar babur, ita ke shanye fizgar iska.

In da sauran tamfol, rataya shi a kan tantin kansa, amma ka bar tazarar kamu guda tsakaninsu. In ya manne da tantin, bargo ka lulluɓa masa. Tazarar ce ke ba ka ƙarin barcin safe bayan ka kai tsakar dare wurin makaɗa.

Na shida, ɗaura tsummoki masu haske a jikin igiyoyi, ka kifa yankakkun gorunan ruwa a kan rodin. Taro ne na dubban mutane, yara na guje-guje, wasu ba takalmi, kuma da dare ba mai ganin igiya. Ka kuma ɗaure wani ƙyalle da za ka shaida a saman gora mafi tsawo, don tantuna kan yi kama da juna in duhu ya yi.

Saura wuta. Asubahin ƙarshen hunturu akwai sanyi, kuma mutum kan so ya jawo kaskon gawayi ciki. Kada a yi. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, mai barci ba ya farkawa ya gudu. Haka hayaƙin janareta, a kai shi can nesa, ta inda iska za ta tafi da shi. Zana kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe ta, don haka mai shayi da mai girki su yi nesa da rumfa, kuma jarkar ruwa ta kwana kusa. Don haske, tocila ko fitilar sola ta wadatar.

Gidan sauro a tafi da shi ko da tantin na da raga. Takalma su kwana ciki, in kuma an bar su waje a kakkaɓe kafin a sa ƙafa, saboda kunama. Kowace yamma kafin ka tafi dandali, zagaya ka ƙara ɗame igiyoyin da suka saki, ka sauke asabari, ka zuge ƙofar tanti don ƙura, kuɗi da waya kuma su bi ka a aljihu.