Yadda ake kafa sandar zamiya ta makarin rana a ɗakin matuƙin jirgin sama

Makarin ranar da yawancin ƙananan jirage suke fitowa da shi daga masana'anta a wuri ɗaya yake maƙale, sai dai a ɗaga shi sama ko a sauke shi ƙasa. Da jirgi ya yi kwana rana ta koma tagar gefe, ko ta faɗo daidai kusurwar da gilashin gaba ya haɗu da ginshiƙi, amfaninsa ya ƙare. Wanda ya san sauka a titin jirage mai lamba 24 a filin jirgin saman Malam Aminu Kano da yammacin watan Disamba ya san wannan, domin a lokacin rana tana faɗuwa kusan daidai saitin titin, ga hazo yana watsa haskenta ko'ina. Maganin shi ne sanda lanƙwasasshiya da ake kafawa a saman gilashin gaba, ta zagaya har kan tagar gefe, makarin yana zamewa a kanta zuwa inda ake so.

Takarda ce farko. Kayan da za a kafa su zo da shaidar amincewa ta wannan samfurin jirgin, wato STC idan daga hukumar FAA ta Amurka suka fito, kamar na kamfanin Rosen da ke Oregon. Buɗe jerin jiragen da takardar ta ƙunsa ka nemo samfurin naka da lambar ƙirarsa, kada ka tsaya kan cewa ai duk ƙirar kamfanin Cessna ce. Jirgin da ke da rajistar Najeriya sai an bi ƙa'idar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kan gyare-gyare, kuma injiniya mai lasisi ne zai sa hannu. Idan jirgin mai matse iska ne a ciki, irin King Air, babu wani rami da za ka huda wanda zanen bai nuna ba, ko da kuwa kana ganin wurin ya fi dacewa. Masu ganin tsadar kayan sukan ce ai sandar labule ta alminiyom ma za ta yi. Ba za ta yi ba, kuma ba wanda zai sa hannu a kanta.

Kayan aiki ba su da yawa: injin huda na iska ko ƙaramin na batir, bakin huda lamba 40 da 19 da 10, abin tsayar da zurfin huda, Cleco (maƙalan wucin gadi da ake cusawa a rami su riƙe ƙarfe biyu) shida zuwa takwas da filayarsu, tef ɗin takarda, alƙalamin maka mai siririn baki, madubin leƙe da tocila, ƙaramin maganaɗisu, sifanar awon ɗauri mai karanta inci-fam ƙanana, da woshoshi sirara na kauri daban-daban. Fensir ba ya cikin lissafi. Baƙin cikinsa yana jawo tsatsa a jikin alminiyom.

Cire igiyar batir. Rufe gilashin gaba daga ciki da takarda mai kauri, ka shimfiɗa zane a kan allon agogo da rediyoyi, domin ɓarɓashin alminiyom ɗaya da ya faɗa bayan allo ya isa ya haɗa waya. Sannan ka sauke silin, ko aƙalla ka sassauta gefensa na gaba har hannu da madubi su shiga. Masu koyo sukan tsallake wannan don silin roba da ya sha rana yana saurin tsagewa, sai su huda ta samansa da ƙiyasi. Bayan silin nan akwai wayar fitila, wayar lasifika, wayar eriya, bututun iska, a wasu jiragen har da bututun iskar shaƙa. Tsagewar silin ta fi huda ɗaya daga cikinsu sauƙi nesa ba kusa ba. Ka ga haƙarƙarin rufin, wato ƙarafan da ke riƙe da shi daga ciki, da idonka, ka sa alamar tsakiyar kowanne a kan tef.

Yanzu sai daidaita sandar, kuma nan ne aikin yake lalacewa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna dukkan ramuka daga zane, a huda su gaba ɗaya, sannan a ɗauko sanda a ce sai ta zauna. Jirage biyu samfuri ɗaya ba sa yin daidai da juna a rufi, musamman waɗanda suka shekara talatin ko arba'in suna aiki, an sauya musu gilashi, an sauya silin. Bambancin milimita biyu ko uku a biraket ɗaya, wato ƙarfen da ke riƙe sandar a jikin rufi, ya isa. Idan ka ja sandar da ƙarfin sukuru har ta manne da rufi, za ta murɗe kaɗan, murɗewar da ido ba ya gani. Amma maƙalin da ke ɗauke da makarin yana zamewa a kanta ratarsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, don haka sai ya riƙa tafiya sumul a wani wuri, ya cije a wani kamar aljihun teburin katako da damina. Matuƙi zai ja da ƙarfi, ƙarfin nan kuma a gindin gilashin makarin yake ƙarewa, inda sukurori suka ratsa shi. Daga nan tsagewa take farawa. Sau da yawa ana ɗora laifin kan gilashin alhali sandar ce a karkace.

Saboda haka fara da liƙa sandar a wurinta da tef kawai, ba rami ko ɗaya. Ka sa mutum ya zauna a kujerar matuƙi, ya gyara ta yadda ake tuƙi, da belunkunne a kansa. Ya gwada kujerar a matakinta na sama da na ƙasa. Sandar kada ta shigo cikin abin da yake gani ta gilashi, kada kuma ta taɓa kan dogon mutum idan ya sunkuya gaba. Makarin idan an naɗe shi sama ya ɓace daga ido gaba ɗaya.

Idan wurin ya zauna, huda ramin biraket na tsakiya kaɗai, da lamba 40, ka sa Cleco. A wasu jiragen biraket ɗin farko yana hawa ne kan ramin tsohon makarin, to wannan shi ne mafarinka. Zura maƙalin a kan sandar tun yanzu, ko da ba gilashi. Matsa zuwa biraket na kusa, ka bar sandar ta kwanta yadda take so, kada ka danna ta. Dubi ratar da ke tsakanin ƙafar biraket da haƙarƙari. Idan akwai rata, wosha ce za ta cike ta, ba sukuru ba. Idan ratar ta fi yawa a gefe ɗaya na ƙafar, biraket ɗin ne bai kwanta ba, sai a goge ɗan abin cikon ya yi gangare. Sandar kanta ba a lanƙwasa ta da hannu. Da zarar ta sami ƙusumbi ɗaya ta tashi daga aiki. Huda, sa Cleco, ka zame maƙalin daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Da yatsu biyu ya kamata ya tafi. Idan ya cije, laifin yana kan biraket ɗin da ka sa yanzu, ka gyara shi kafin ka taɓa na gaba. Haka za ka bi ɗaya bayan ɗaya, daga tsakiya zuwa ƙarshen sandar. Ya fi cin lokaci, amma kowace matsala tana nuna kanta a inda ta faru.

Kwanar da ke saman ginshiƙi, inda sandar take juyawa daga gilashin gaba zuwa tagar gefe, ita ce mafi tsanani. Biraket biyu da ke gefenta su ne suke riƙe da lanƙwasar, kuma idan ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo ko da kaurin wosha guda ne, maƙalin zai tsaya a tsakiyar kwana. Gwada wannan wurin da gilashin a ɗaure, domin nauyinsa yana karkata maƙalin, abin da ya wuce lafiya ba gilashi yana iya cijewa da shi.

Kar a manta silin zai dawo tsakanin biraket da haƙarƙari. Silin ba ya ɗaukar nauyi, kuma idan aka matse shi da sukuru zai lotsa bayan 'yan watanni, ɗauri ya saki. Ana buɗe ramin silin ya fi na sukuru faɗi, a sa ɗan bututun ciko na alminiyom wanda tsawonsa ya yi daidai da kaurin silin, ƙarfe ya zauna kan ƙarfe. Lissafa tsawon cikon nan tun lokacin gwaji, in ba haka ba duk daidaitawar da ka yi za ta sauya.

Sai an gama wannan ake buɗe ramuka zuwa girmansu: lamba 19 ga sukuru 8-32, lamba 10 ga 10-32. Daga tsakiyar rami zuwa bakin ƙarfe kada ya gaza ninki biyu na faɗin sukurun. Abin tsayar da zurfi ya kasance a kan bakin huda kowane lokaci, saboda fatar jirgi, wato fallen ƙarfen waje, tana nan kusa a bayan haƙarƙari, kuma tsinin da ya ɓullo a rufi daga waje ba ya ɓoyuwa. Kankare bakin kowane rami, a shafa Alodine, ruwan da ke kare alminiyom daga tsatsa, da fentin share fage. A inda zane ya ba da zaɓi, notin faranti da ake kamawa da ribet (ƙusar da ake dandaƙe bakinta) biyu na inci 3/32 ya fi notin da ake matsewa a cikin rami. Na matsewa ya fi saurin sawa, amma ranar da ya fara juyawa a raminsa sai an sake sauke silin kafin a ciro sukurun. Tsawon sukuru ma a auna: zare ɗaya zuwa biyu na jikin sukurun ya leƙo bayan noti, amma kada bakinsa ya kai fata.

Kamfas a yawancin jiragen nan a tsakiyar gilashin gaba yake rataye, dab da sandar. Duk sukuru da wosha da za su zauna kusa da shi a gwada su da maganaɗisu tukuna. Wanda ya kama a ajiye shi. Bayan an gama, a zame makarin ya wuce ta gefen kamfas ana kallon allurar. Idan ta motsa, ko karatun ya bambanta da na kafin aiki, sai an sake juya jirgi a daidaita kamfas a rubuta sabon katin gyaran karatunsa.

Ɗaure sukurori daga tsakiya zuwa waje, rabi-rabi da farko, ana zame maƙalin tsakani. Idan takardar kayan ba ta faɗi awo ba, jadawalin littafin gyaran jirage na FAA, AC 43.13-1B, ya ba da inci-fam 12 zuwa 15 ga 8-32, da 20 zuwa 25 ga 10-32. Sa matsayan ƙarshen sanda biyu, waɗanda ake yawan mantawa da su a cikin leda. Kada ruwan kulle zare irin Loctite ya kusanci gilashin makarin, yana tsattsaga shi. Sandar kuma ba a sa mata mai ko giris. Ƙura za ta manne ta zama abin goge ƙarfe. Tsumma mai tsabta ya isa. Gilashin a fara zuba masa ruwa ya kwashe ƙura kafin a goge, ban da maganin gilashi mai amoniya.

Matse maƙalin yadda makarin zai tsaya a kowace kusurwa ba ya zubewa. Buɗe ƙofa da taga da makarin a kowane ƙarshe, ka tabbata bai tare hannun ƙofa, mafitar gaggawa, makunnan sama ko bakin iska ba. Zuƙe ɓarɓashi, ƙirga kayan aiki, mayar da batir, gwada fitila da lasifika da rediyo. Auna nauyin abin da aka cire da na abin da aka sa. A jirgin da nauyinsa ba kaya bai kai fam 5,000 ba, sauyin fam ɗaya ko ƙasa ana ɗaukarsa maras tasiri, amma a gyara jerin kayan jirgin, a shigar da lambar STC a littafi. A tashin farko matuƙi ya lura ko makarin yana sauka da kansa idan jirgi ya shiga gargada. In haka ne a ƙara matse maƙalin kaɗan, ba biraket ba.