Allurar hoto: abin da za ka faɗa mana kafin a yi maka, da abin da za ka ji

Aikina ɗaukar hoton CT ne, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka a asibiti, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi ban sa wa wani ruwan da ke haska hoton a jijiya ba. Mu a ɗakin hoto kwantiras muke ce masa, marasa lafiya kuma su ce allurar hoto. Shi ke haska jijiyoyin jini da hanta da ƙoda har ƙari ko toshewa su fito fili. Na CT aidin ne a cikinsa, na MRI (hoton da ake ɗauka da maganaɗisu) gadoliniyam, sai bariyam, wani farin ruwa mai kauri kamar kunu da ake sha don hoton maƙogwaro da ciki. Galibin mutane lafiya lau suke tashi su tafi. Waɗanda suka taɓa tayar mini da hankali, yawancinsu akwai abin da ba su faɗa ba kafin a fara.

Fara da ƙoda, domin ta nan ruwan yake fita. Idan kana da ciwon suga ko hawan jini, ko an taɓa ce maka ƙodarka ta taɓu, nemi a yi maka gwajin ƙoda kafin ranar hoto. A takardar sakamako duba inda aka rubuta eGFR, wato ma'aunin ƙarfin aikin ƙoda. Idan ya yi ƙasa da 30, sai likita ya sake shawara: ko a sauya irin hoton, ko a yi maka ƙarin ruwa kafin allurar da bayanta. Mai irin wannan ƙoda ko a MRI ana taka tsantsan da shi, don tun shekarar 2006 aka gano cewa wasu nau'o'in gadoliniyam kan sa fatarsa ta yi kauri ta sandare.

Sannan ka zuba duk magungunan da kake sha a leda ka taho da su. Duka nake nufi. Wani dattijo ya zo mana daga ƙauye cikin zafin Afrilu, leɓensa a bushe. Na ce, "Baba, akwai maganin da kake sha?" Ya ce babu. Ɗansa ne ya ce ai ya fi kwana goma yana shan diclofenac na kemis saboda ciwon baya, ga kuma jiƙo safe da yamma. Shi Baba bai ƙirga su ba tunda ba likita ne ya rubuta ba. Muka ɗaga ranar hoton, gwaji ya nuna ƙodar ta riga ta galabaita. Diclofenac da ibuprofen suna wahalar da ƙoda, balle a haɗa su da ƙishirwa da wannan ruwa. Mai shan metformin, maganin ciwon suga, kuma ya tambayi likita ko zai dakata da shi na awa 48 bayan allurar. Dalili shi ne idan ƙoda ta yi rauni maganin yana taruwa a jini. Kada ka dakatar da shi da ra'ayin kanka.

Ƙishirwar nan tana damuna matuƙa. A ce wa mutum kada ya ci abinci na 'yan awoyi, sai ya ƙaurace wa ruwa tun daren jiya, ya hau mota ya yi doguwar tafiya cikin rana. Tambayi wanda ya ba ka ranar hoto ko za ka iya shan ruwa, yawanci za a ce ka sha. In cikin azumi ne, faɗa mana tun wuri a san yadda za a tsara lokacin.

Faɗa mana kuma idan kana da asma ko maƙoƙo, ko an taɓa yi maka allurar jikinka ya ƙi ta. Mace ta faɗa idan tana da ciki ko tana zaton haka. Mai shayarwa ta kwantar da hankalinta, abin da ke shiga nono bai kai kashi 1 cikin 100 ba, za ta iya ci gaba da shayar da ɗanta.

Da ruwan ya shiga za ka ji ɗumi ya ratsa ka daga wuya har mara, bakinka ya yi ɗanɗanon ƙarfe, kuma za ka rantse fitsari ya kufce maka. Bai kufce ba. Na kan faɗa wa iyaye mata wannan tun kafin su kwanta, don na ga waɗanda kunya ta sa suka zabura hoton ya lalace. Cikin minti ɗaya ko biyu ya wuce. Ɗan tashin zuciya ma yakan zo ya tafi.

Abin da ba a yi masa kawaici shi ne ƙaiƙayi da borin jini, kumburin leɓe ko ido, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, ko jiri. Ɗaga hannu ka yi magana nan take, muna ganinka ta gilashi muna kuma jin ka. Mai tsananin ba kasafai yake faruwa ba, kuma akwai allurar adirenalin a ajiye dominsa, amma tana son a yi ta da wuri. Haka idan wurin kanula, wato ɗan bututun da aka sa maka a jijiya, ya fara zugi yana kumbura, ruwan ne ya fita daga jijiya ya shiga tsoka, sai a tsayar, a ɗaga hannun sama, a sa masa ƙanƙara.

Bayan an gama, zauna minti 30 kafin ka tafi, ko da mai mota yana jira, domin mummunar illa a wannan tsakanin ta fi bayyana. A gida ka sha ruwa sosai, sai dai in likita ya taƙaita maka shi saboda zuciya ko ƙoda. Wanda ya sha bariyam zai ga bayan gida fari na kwana ɗaya ko biyu, kuma yakan ɗaure ciki in ba a sha ruwa ba. Ƙuraje na iya fesowa har zuwa mako guda bayan allurar. Idan fitsari ya ragu, ƙafa ta kumbura, ko yatsun hannun da aka yi allurar suka yi sanyi ko suka dushe, koma asibiti a ranar.

In kuwa jikinka ya ƙi ruwan, kada ka fita sai an rubuta maka sunan wanda aka sa maka da abin da ya faru. Ninke takardar ka haɗa ta da katin asibiti, duk inda za a sake yi maka hoto ita za ka fara miƙawa.