Yadda Ake Shirya Tafiyar Ganin Daji a Ƙasa Mai Zafi, Kai Kaɗai, da Ɗan Guzuri

Mai niyyar tafiya shi kaɗai yakan ɗauka tikitin jirgi ne zai cinye masa kuɗi. Tikitin kam yana da tsada, amma sau ɗaya ake biyansa, kuma tun kana gida ka san farashinsa. Masu tatse aljihu a hankali su ne kuɗin shiga gandun daji, kuɗin ɗan jagora ko kwale-kwale da ba ka da abokin rabawa, da yawan tashi daga wannan gari zuwa wancan. A kansu ya kamata a gina lissafi tun daga farko.

Fara da zaɓen wata, sannan ka zaɓi ƙasa. Yawancin mutane baibai suke yi: su ƙwallafa rai a kan ƙasa, su yanki tikiti, sai daga baya su gane a tsakiyar damina za su sauka. Kuma a ƙasashen nan damina ba ta sauka ko'ina lokaci guda. A Kosta Rika, gaɓar tekun Fasifik tana rani daga Disamba zuwa Afrilu, amma ɓangaren Karebiyan ya fi samun sauƙin ruwa a Satumba da Oktoba, daidai lokacin da ɗaya ɓangaren ke shan ruwa kamar da bakin ƙwarya. A Siri Lanka, kudu da yamma sun fi daɗin zuwa daga Disamba zuwa Maris, gabas kuma daga Afrilu zuwa Satumba. Gabashin zirin Malesiya yana shan ruwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, har masaukai da yawa a tsibiran Perhentian su rufe. A Gabashin Afirka babbar damina tana zuwa daga Maris zuwa Mayu. Saboda haka tambayar ita ce, wane yanki na ƙasar, a wane wata.

Mai ɗan kuɗi ya nufi bakin damina, wato makonnin da take shirin sauka ko take janyewa. Farashin ɗaki ya sauko, baƙi sun ragu, kuma a wurare da yawa ruwan da yamma yake zuwa, safiya taka ce. Tsakiyar damina ta fi araha, amma arahar banza ce idan hanya ta yanke, kogi ya cika, aka rufe gandun da ka zo dominsa.

Daga nan sai dokar gandun dajin kansa, kuma a nan ne ƙasashe suka bambanta ƙwarai. Wasu wuraren an shata hanyoyin ƙafa an kafa alamu, ka biya kuɗin shiga ka kama hanya da kanka. Haka abin yake a gandun Bako da ke jihar Sarawak ta Malesiya, da hanyoyin da ke kusa da hedikwatar Taman Negara a Malesiya, da Manuel Antonio a Kosta Rika. Wasu kuma ba a shiga sai da ɗan jagora mai lasisi, kamar gandun Corcovado a Kosta Rika, ko hawan Dutsen Kinabalu na Malesiya mai tsawon mita 4,095. Akwai kuma waɗanda ba su dace da mai ƙaramin guzuri ba sam: takardar izinin ganin goggon biri a Ruwanda dala 1,500 ce ga baƙo, kuma awa ɗaya kacal za ka yi tare da birran. Manyan gandayen da ake zagayawa da mota su ma haka, domin hayar mota da direba kuɗi ɗaya ne, ko kai kaɗai ne a ciki ko ku shida. Mai tafiya shi kaɗai ya fi cin riba a ƙasar da gandayenta na tafiyar ƙafa ne, kuma bas na kaiwa har kusa da ƙofa.

Shiga shafin hukumar gandun daji ta ƙasar ka duba abu huɗu kafin ka tsara kwanaki: farashin baƙo (ƙasashe da yawa suna cajin baƙo ninki-ba-ninki a kan ɗan ƙasa), ko ana ƙayyade yawan masu shiga a rana, ko sai ta intanet ake sayen tikiti, da ranar da ake rufewa. Manuel Antonio, alal misali, ba ya buɗewa ranar Talata, kuma ba a sayar da tikitinsa a bakin ƙofa.

Tsarin hanya kuwa, ka rage zango. A mako biyu, wuri uku ya wadatar. Huɗu ya fara yawa. Duk ranar tashi rana ce da ta tafi a banza: kuɗin mota, abincin tasha mai tsada, tasi saboda ka iso da dare. Kilomita 200 a taswira na iya zama awa shida ko bakwai a hanyar duwatsu. Ga kuma abin da masu gaggawa ba sa lura da shi: dabbar daji ba ta fitowa don ka zo. Wanda ya kwana uku a wuri ɗaya, yana fita da asuba da kuma bayan la'asar, zai ga abin da mai ziyarar yini ɗaya ba zai gani ba, domin tsakar rana tsuntsu da biri duk sun laɓe a inuwa. Kwanan farko da na ƙarshe ka bar su a garin da filin jirgi yake, kada zaizayar hanya ta sa jirgi ya tashi ya bar ka.

Wajen kasafi, raba kuɗin gida uku. Na farko wanda za a biya tun kafin tashi: tikiti, biza, inshora, rigakafi. Na biyu na yau da kullum: ɗaki, abinci, ruwa, mota, a ninka da yawan kwanaki. Na uku na gandu: shiga, jagora, kwale-kwale, kowanne a rubuce da sunansa. Bayan an haɗa, a ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na ko-ta-kwana, a ajiye shi daban, kada a taɓa shi don tsaraba.

Kashi na ukun nan ne ake iya ragewa da wayo. Kwale-kwalen da ake haya a kan 100, idan kun zama biyar, 20 ya zo kanka. Don haka sauka a masaukin matafiya mai ɗakin haɗaka ko ɗakin girki na kowa yana da amfani biyu: gado mai araha, da kuma samun waɗanda za ku haɗa kuɗi. Da ka sauka, gaya wa mai masaukin inda kake son zuwa da ranar, ka ce a sa ka cikin ayarin da ke da gurbi. Kada ka biya kuɗin yawon tun daga gida ta hannun dillalan intanet sai inda gurbi ke ƙarewa da wuri. A garin da ke bakin gandun yawanci ya fi sauƙi. Amma kada ka yi rowar kuɗin jagora gaba ɗaya. Ɗauki ƙwararre a safiyar farko, ka lura da inda yake kai ido da irin kukan da yake tsayawa ya saurara, sauran kwanakin ka yi amfani da abin da ka koya.

A na'urar ATM, idan ta tambaye ka ko a yi lissafi da kuɗin ƙasarka ko na ƙasar da kake, zaɓi na ƙasar da kake. Ɗayan canji mai tsada ne. Cire isassun kuɗi a babban gari, domin ƙauyukan bakin daji sau da yawa ba su da na'ura, ko tana nan babu kuɗi a ciki. Riƙe kati biyu a wuri daban-daban. Idan za ka riƙe dala, nemi sababbi marasa yaga, don 'yan canji da yawa ba sa karɓar tsofaffi. Fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida, da tikitin fita daga ƙasar a hannu, saboda kamfanin jirgi na iya hana ka hawa idan babu shi.

Maganar lafiya ba a yi mata tsimi. Ga likita mako huɗu zuwa shida kafin tafiya. Katin rigakafin shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na har abada. Ƙasashe da yawa suna nemansa ga wanda ya fito, ko ya ratso, ta ƙasar da cutar take. Idan yankin na da zazzaɓin cizon sauro, likita ne zai zaɓa maka maganin kariya. Doxycycline ya fi araha: ana farawa kwana ɗaya ko biyu kafin shiga yankin, a sha kullum, a ci gaba har mako huɗu bayan fita. Yana sa fata saurin ƙuna a rana, ba a ba mai ciki, kuma a sha shi da ruwa sosai, kada a kwanta nan take. Atovaquone-proguanil ya fi tsada, amma kwana bakwai kawai ake ƙarawa bayan fita. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba: a shafa maganin sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari, a sa riga mai dogon hannu. Zazzaɓi ya kama ka a can, sha farasitamol ka nufi asibiti. Asfirin da ibuprofen na iya jawo zubar jini idan dengi ne.

Ruwan sha a tafasa shi minti ɗaya, ko uku a kan tsauni mai tsawon fiye da mita 2,000. Ƙaramin matacin ruwa da ƙwayar tsarkake ruwa za su rage maka kuɗin ruwan roba. Gudawa ta zo, haɗa cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kada ka yi wanka a tafki ko ruwa kwantacce sai ka tabbatar babu tsargiya a yankin. Biri ko kare ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ka nemi allurar haukan kare a ranar. Birran da suka saba da mutane su ne masu cizo, kuma ledar abinci a hannu ce ke jawo su. Inshorar da za ka saya ka karanta ta da kyau, ka ga ko ta ɗauki kwashe majinyaci daga daji, da hawan dutse, da tuƙa babur. Masu arahar sukan cire waɗannan.

Kaya kuwa, jakar goyo mai lita 35 zuwa 40 ta isa. Ƙananan kamfanonin jirgi da yawa kilo 7 suke bari a shiga da shi kyauta. Babban abokin gaba a dajin nan laima ce: rigar auduga da wandon jins in sun jiƙe ba sa bushewa, sai wari da funfuna. Ɗauki kaya marasa nauyi masu saurin bushewa, ka ware saiti ɗaya na kwana a cikin leda da ba ya fita daji ko da wasa. Fasfo da waya su ma a leda mai zif. Takalmin da ƙafarka ta saba da shi za ka sa, sabo bororo zai yi maka a rana ta farko, kuma kowace safiya ka kakkaɓe shi saboda kunama. Ƙara tocilar goshi, rigar ruwa, da rigar sanyi guda, domin duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da wajen digiri shida. Fawa bank a jakar hannu ake sa shi, ba a kayan awo ba; mai 20,000 mAh yana ƙasa da iyakar 100 Wh da jirage suka yarda da ita.

A dazuzzukan Asiya masu laima za ka haɗu da matsattsaku. Cusa ƙafar wando cikin safa. Idan ya kama, sa farce ka ture bakinsa a hankali ta gefe. Ƙona shi ko zuba gishiri na sa ya yi amai cikin raunin. Jinin zai ɗan jima yana zuba, wannan ba abin tsoro ba ne, a wanke a rufe.

Tunda ba ka da abokin tafiya, babu wanda zai koma ya kira taimako. Kafin ka fita, rubuta wa mai masauki hanyar da za ka bi da lokacin dawowa, ka sa hannu a rajistar masu gadin gandu idan akwai. Sauke taswirar da ke aiki ba intanet, irin Organic Maps, tun kana da sabis. Kusa da layin da ya raba duniya biyu, wato Ikwaita, rana kan faɗi wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu ya rufe da sauri, a ƙarƙashin manyan bishiyoyi ma tun kafin nan. Sa wa kanka lokacin juyawa, misali ƙarfe biyu, ko ka kai inda ka nufa ko ba ka kai ba. Kogin da ka tsallaka da safe yana iya kai ƙirji da yamma saboda ruwan da aka yi a kan tudu, ko da ɗigo bai sauka a kanka ba. In ya yi ja yana ɗauke da itace, jira. Maciji ya sari mutum, ba a ɗaurewa tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa: a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. A bakin teku, igiyar ruwa mai ja zuwa cikin teku ta kama ka, yi iyo ta gefe, daidai da gaɓa, har ka fita daga cikinta.

Bayan dawowa, ƙarasa maganin kariyar har ƙwayar ƙarshe. Duk zazzaɓin da ya taso cikin watannin da suka biyo baya, har shekara guda, a je a yi gwajin jini, a kuma gaya wa likita ƙasar da aka je da watan da aka dawo.