Yadda Ake Tsara Kalori Don Rage Ƙiba

Da farko, hau sikeli da safe kafin karin kumallo, sannan ka ninka nauyinka da 30. Mai kilo 80 zai samu kusan kalori 2,400, wato yawan ƙarfin abinci da jikinsa ke ƙonawa a rana, ƙiyasi ne kawai. Daga nan ka cire 500, saura 1,900, su za ka riƙa ci a rana.

Sai ka ware wa furotin, sinadarin gina jiki, giram 1.6 kan kowane kilo na nauyinka, wato giram 128, daga kifin Benuwe da ake samu a Garwa ta Kamaru, ko wake, ko ƙwai. Maiƙo ya tsaya wajen giram 60, kuma a nan ake yawan zarcewa, domin cokalin miya ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120. Ragowar kalorin, kusan giram 210 na sitaci da sukari, tuwon dawa da sukarin shayi duk suna ciki.

Bayan mako biyu ka sake auna nauyi. Mai ciwon suga ya fara tuntuɓar likita.