Yadda ake tsinkar inabi a gonar da ba a fesa mata maganin zamani

Shekara biyu a jere na yi kakar inabi a wata gona da ke gindin dutsen Pic Saint-Loup, arewa da Montpellier a kudancin Faransa. Jar giya suke yi, yawanci da irin Syrah da Grenache. Ni ba na sha, kuma na san malamai suna da magana a kan sa hannu a irin wannan aiki, don haka ka fara tambayar malaminka. Idan ka yanke shawarar zuwa, ga abin da na so a ce wani ya gaya mini tun farko.

Ana farawa ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Ka zo da hula da tsohon wando da takalmi mai rufi. Almakashi da bokiti su za su ba ka. Da sassafe ake shiga gona, don inabin da ya sha rana yakan soma tsami tun kafin ya isa ɗakin matsa.

Ka tallafi nonon inabin da hannu ɗaya, ka nemo ƙotarsa da ido, sannan ka yanke. Da ido, na ce. Ranar farko na cusa almakashi cikin ganye da ka, sai da na datse ɗan yatsa. Kada ka yini a sunkuye, durƙusa da gwiwa ɗaya, in ba haka ba washegari bayanka ba zai miƙe ba. Ka kuma kula da rina, tana son inabin da ya fashe.

Babban aikin shi ne tsincewa. A irin wannan gona ba maganin ciyawa, ba takin zamani. Babban abin da aka yarda su yaƙi cutar ganye da shi shi ne farar wuta da ruwan tagulla, wanda kan bar shuɗin tabo a ganye. Tagullar ma dokar Tarayyar Turai ta yi mata iyaka: kilo 28 a kowace hekta cikin shekara 7. Ruwan sama kuma yana wanke ta, shi ya sa a shekara mai damshi ruɓa kan yi yawa. Saboda haka ka juya kowane nono ka duba bayansa. In ka ga furfurar fumfuna, yanke wurin ka yar. In ka ji warin tsami, yar da shi duka, kada ka ji tausayi.

Na tambayi mai gonar dalilin wannan tsanani, sai ya matse ƙwaya ɗaya a tafin hannuna. Ruwan fari ne tas! Ashe jan daga ɓawon yake fitowa, shi ya sa ake barin ruwan da ɓawon su jiƙa tare kwana da kwanaki. Ruɓaɓɓen ɓawo in ya shiga, ya ɓata musu tanki guda.

Kada ka danna inabi a bokiti don ya ci da yawa, kuma ka cire ganye. Da yamma ka goge hannunka da lemon tsami. Baƙin Syrah sabulu kaɗai ba ya fitar da shi.