Yadda Ake Kallon Dabbobin Tsibiri Ba Tare da An Cutu Ba

Kafin ka hango dabbar tsibiri, ita ta daɗe da jin takunka. Saboda haka abu na farko shi ne sanin lokaci. Da tsakar rana kusan komai ya lafe a inuwa. Fita da sassafe, lokacin da tsuntsaye ke kiwo, ko da almuru, lokacin da manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace ke tashi. Waɗansu faɗin fikafikansu ya haura mita 1.

Na biyu, nemi ɗan jagora haifaffen wurin, ka kuma ji maganarsa. A tsibirin Komodo na Indunusiya ba a yawon daji sai da jagora, domin guzan can kan kai tsawon mita 3.

Na uku, sa takalmi kafin ka taka ruwa, ko da iya idon sawu ne. Akwai kifin da ba ka bambanta shi da dutse, ga dafi a ƙayoyin bayansa. In ya soki mutum, a tsoma ƙafar a ruwan zafi daidai wanda fata za ta jure, a garzaya asibiti. Murjani kuwa, wato abin nan mai kama da dutse mai rassa da ke cikin teku, rai gare shi, kada ka taka, kada ka ɓalla.

Birai fa? Kada ka ba su abinci. In ɗaya ya cije ka, wanke wurin da sabulu na minti 15, sannan ka nemi allurar ciwon haukan kare a ranar.

Abin da na fi so kowa ya gani shi ne kunkurun teku na saka ƙwai, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Cikin dare uwar ke fitowa, tana jan jiki da ƙyar a kan rairayi, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen 100, ta binne. Kashe tocila, kashe hasken waya. Tsaya ta bayanta, nesa kaɗan, ka yi shiru. In ta firgita tun kafin ta fara, sai ta koma ruwa da ƙwanta. Za ka ji tana fitar da numfashi mai nauyi, ka ga kamar hawaye a idonta. Gishiri ne jikinta ke fitarwa.

Bayan kimanin wata 2 'ya'yan ke fasowa, kowanne bai cika tafin hannu ba. Hasken da ke saman teku suke bi, shi ya sa fitila ɗaya a bakin gaɓa kan juyar da su zuwa tudu su halaka. In ka dace da wannan dare, kada tausayi ya sa ka ɗauke su. Matsa gefe, ka cike ramukan da ƙafarka ta bari a yashi, su sami hanya.